Yadda Na Damƙa Jikata a Hannun Kwamfuta

Karatuna bai cika cokali ba. An sa ni makarantar gwamnati nan Gadarif da kaka, kafin wata damina ta zagayo malamin ya gaji da ni, ni ma na gaji da shi, muka rabu ba faɗa. Abin da na fito da shi sa hannu ne kawai, shi ma na yau ba ya kama da na jiya. Wannan da kuke karantawa ma da baki nake faɗa waya tana rubutawa. In kun ga kuskure, ku kama wayar.

Da babanmu ya ga boko ya ƙi ni, sai ya yi abin da ake yi a lokacin. Ya sa jallabiyarsa ta Juma'a, ya ɗauki zakara da ƙunshin sukari, ya tasa ni gaba har wata babbar gonar dawa da riɗi can wajen Ƙala'at an-Nahal. Ya sami direban tarakta, wadda mu nan muke ce wa babur, ya gaishe shi gaisuwa mai tsawo, ya kama hannuna ya sa a nasa.

“Ga shi nan,” in ji babanmu. “Bai san komai ba. Ga barci, ga ci. In ya yi ba daidai ba ka doke shi.”

Direban ya ce ya karɓa. Da wannan sana'ar na ci abinci har gemuna ya yi fari. A wurinmu haka ake shiga aiki: babba ne zai kai ka, kuma ba ya yabonka a gaban maigida. Kushe ka zai yi, don bakin mutane ya kauce maka, kuma maigida ya gano alherinka da kansa ya ji daɗi. Haka na kai 'ya'yana maza, ɗaya wurin makaniki, ɗaya wurin tela, kuma ba wanda aka dawo mini da shi.

Da yaƙi ya tashi a Khartum, 'yata ta dawo gida da 'ya'yanta. Babbarsu tana jami'a lokacin, karatun ya tsaya. Ba ta fito da komai ba sai kayan jikinta da wata kwamfuta mai tsagaggen gilashi, wadda take runguma kamar jaririya. Yarinya ce mai baki. In na ce mata 'yar Khartum ba ki iya kisra ba, wato wainar dawarmu mai faɗi, sai ta ce ai haƙoran da zan ci da su take jira su fito.

Bayan an daɗe tana zaune, sai ta samo wani kwas da ake yi ta intanet. Ana koya wa matasa aikin kwamfuta, waɗanda suka iya kuma a haɗa su da aikin da za su yi daga gida. Masu nema da yawa, gurbi kaɗan. Ta ci jarrabawar farko, ta ci ta biyu, saura muƙabala, wato a gan ta a yi mata tambayoyi. Tun zuwanta ban taɓa jin tana waƙa a bakin murhu ba sai a makon nan.

Na ce, “To, ranar zan kai ki.”

“Kai ni ina, Kaka? A nan tsakar gida zan yi.”

“To maigidan ne zai zo?”

“Ba mai zuwa. Ta cikin kwamfuta ne. Kuma sau ɗaya ake yi, in ta ɓaci ta ɓaci. Don Allah ranar ka yi nisa.”

Ta yi wani dogon bayani bayan wannan, amma ni tunda na ji za a gan ta a gaban maigida ba babba a gefenta, kunnena ya toshe. Yarinyar da ta rasa gida, ta rasa makaranta, a ce kuma ta shiga aiki kamar marar dangi?

A gidanmu shabaka, wato abin da ke kai magana cikin waya, wuri ɗaya take zama: kusurwar da ke tsakanin rumfa da garken awaki. Ranar muƙabalar jikata ta share wurin, ta aza kwamfuta kan buhun dawa, ta rataya farin zanen gado a bayanta don kada a ga awaki. Tsohuwa, matata, aka ba aikin tsare ni. Ita kaɗai ce ke kirana Malam a duniya, kuma ta san abin da take yi.

“Malam, bun ya ƙare. Ka je kasuwa ka sayo, ka zaɓa a hankali.”

Na san akwai bun, wato gahawa, cikin gwangwani, don ni na ɓoye shi. Na ce to. Na fita ta ƙofa, na zagaya ta gidan maƙwabci inda na ajiye kayana tun jiya. Na sa jallabiya mai guga, na naɗa rawani, na saƙale zakara a hammata, sukari a aljihu. Damina ce, baƙar lakar Gadarif ta cinye mini takalmi ɗaya a hanya, na bar mata. Na kutso ta ɓarakar dangar awaki, na tsaya bayan zanen gado ina saurare.

Muryar mace na ji, da Larabci mai tsabta irin na rediyo, tana cewa, “Ki gaya mana halayenki masu kyau da suka sa ya kamata mu ɗauke ki.”

Yarinya za ta yabi kanta da bakinta, a gaban baƙuwa. Na ɗaga zane na fito.

A cikin gilashin ga wata baiwar Allah da mayafi shuɗi, tana murmushi. Na yi sallama. Ba ta amsa ba, amma murmushin bai ragu ba, na ce mai kunya ce. Na tambayi lafiyarta, da gajiya, da mutanen gida, da yara. Na tambaya ko ruwa ya sauka a wajensu, don mu nan ya yi yawa, riɗi har ya fara rawaya. Na tambayi iyayenta, na ce in suna raye Allah ya ƙara musu lafiya, in sun riga mu Allah ya jiƙansu.

Jikata ba ta juyo ba. Haƙoranta a haɗe, fuskarta na kallon gilashi, ta ce, “Kaka, ana ɗauka.”

“A ɗauka mana. Ai ba sata na zo yi ba.”

“Lokacina ne kake cinyewa.”

A gefen hoton akwai wani jan layi yana gajarcewa. Na ɗauka ado ne. Na gyara tsayuwa, na koma Larabci don baƙuwa ta ji da kyau.

“Ya ustaza, ga ta nan. Ba ta san komai ba. Ga barcin safe, ga taurin kai, ga baki. Kisrarta ko awaki sai sun yi shawara suke ci. In ta yi ba daidai ba ki doke ta, ba mai tambayarki.”

Sannan na ɗaga zakara na nuna mata, ta ga ba ramamme ba ne. Na kama hannun jikata zan sa a hannun ustaza. Da na rasa inda hannun yake, sai na dafa shi a kan gilashin. Ban san me muka taɓa ba. Kwamfuta ta yi ƙara, zakara ya firgita ya kufce, ya taka kan jikata, ya bi ta kan zanen gado ya sauko da shi. Awaki duka suka bayyana, suna tuƙa, suna kallon ustaza.

Sai matar ta motsa, ta ce, “Shukran. Tambaya ta gaba.”

Na ce wa jikata, “Kin ji ko? Ta karɓa.”

A nan tsohuwa ta iso, ta kama jelar rawanina ta ja. Rawani ya bi ta, ni ma na bi rawani. Jikata ta amsa sauran tambayoyin da gashin zakara a mayafi.

Da ta gama ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta rufe kwamfuta ta shige ɗaki. Uwarta ce ta zaunar da ni ta yi mini bayani a hankali, yadda ake yi wa mai ciwon kunne.

“Baba, matar nan ba ta nan. Hoto ne aka ɗauka tun tuni. Kowa ita yake gani, da murmushin nan. Amsar ce ake naɗewa a aika wa masu dubawa.”

“To wa na gaisar?”

“Ba kowa.”

“Har da iyayenta?”

Tsohuwa ta ce, “Har da ruwan sama, Malam. Kuma an aika. Mutane za su zauna a ofis su kalle ka da takalmi ɗaya kana ce musu jikarka ba ta san komai ba.”

Na ce ai duk mai hankali ya san in babba ya ce yaro bai san komai ba, ya sani ke nan. Tsohuwa ta ce to sai mu yi addu'a masu dubawan 'ya'yan direbobin babur ne.

Kwanakin da suka biyo baya gidan ya yi tsit. Waƙar bakin murhu ta ɗauke. Jikata tana kawo mini shayi ta ajiye, ta ce “ga shi”, ta juya. Na tsokane ta da kisra, ta ce “haka ne”. Na gwammace ta zage ni. Na sayo mata zalabiya, soyayyen ƙullin fulawa mai zaƙi, ta raba wa ƙannenta. Na ce a nuna mini ofishin mutanen nan in je in ba da haƙuri, ko Hawata ne ko Basunda zan hau mota. Aka ce ba su da ofishin da mota ke zuwa, kowannensu yana wata ƙasa daban. Ban taɓa jin maigidan da ba a san ƙofar gidansa ba.

Ana nan sai saƙo ya zo. Wai amsa ɗaya ba ta ɗauku yadda ake so ba, za su kira ta ido da ido, mutum na gaske, su sake tambaya. Wannan karon ba a aike ni kasuwa ba. Tsohuwa ta ce in shiga guttiya, ɗakinmu na ciyawa, in duba mata ko rufin yana yoyo. Ina ɗaga kai na ji ƙofar kwano ta rufu, kwaɗo ya ce ƙaras.

“Malam, ka duba a hankali.”

Ɗakin ciyawa ba ya riƙe magana, kuma kusurwar shabaka tana jikinsa. Na manna kunne. Muryar wata mace ce daban, mai ɗan kaushi, da dariya a ƙarƙashinta. Ta fara da gaisuwa, har ta tambayi damina. Na gyaɗa kai ni kaɗai.

Ta ce, “Kakanki yana kusa?”

“An kulle shi.”

Matar ta yi dariya har da tari. Ta ce sun kalli hoton nan ya fi a ƙirga, wani abokin aikinta ma shayi ya sarƙe shi. Sannan muryarta ta daidaita. Ta ce dariya daban, gurbi daban, kuma har yanzu ba su ji amsarta ba. “An ce mana kina da taurin kai. Gaskiya ne?”

Na ƙara manna kunne a jikin ciyawa.

Jikata ta ce, “Gaskiya ne.”

Daga nan ta fara. Ta ce kwamfutar nan a hanyar gudu ta fashe, ita ta buɗe ta da wuƙar yanka albasa ta gyara, tana kallon yadda ake yi a waya. Ta ce in wuta ta ɗauke takan je shagon mai sola ta zauna kan bulo ta yi darasi. Ta ce tana tara 'yan matan unguwa da suka zo gudun hijira tana koya musu rubutu a kwamfutar, ɗaya bayan ɗaya, don kada hannunsu ya manta makaranta. Ni duk a zatona hira suke zuwa yi.

Yabon kai ne ƙarara, kunya ta kama ni har tafin ƙafa. Amma ba ƙarya a ciki ko ɗaya. Matar ta ce, “Akwai wanda zai shaida wannan?” Jikata ta fara cewa malamanta na jami'a sun watse, ba ta san inda suke ba.

Na sa baki a jikin ciyawa na ɗaga murya. “Ni na shaida. Duk abin da ta faɗa haka ne. Ta fi duk jikokina kai, ta fi ni, ta fi ubanta.” Ban taɓa yabon ɗan cikina a gaban baƙo ba, sai da na tofa a gefe don tsoron baki. Na ƙara da cewa, “Amma maganar kisra tana nan.”

“Muryar wa nake ji?” in ji matar.

“Ɗakin ne,” in ji jikata. Na ji dariya a muryarta, karo na farko tun ranar zakara.

Suka ci gaba da wasu tambayoyi na aiki waɗanda ban gane ko ɗaya ba. Sai murya ta yi ƙasa, iska ta taso, ban ƙara jin komai ba. Can sai guɗar tsohuwa ta tsaga gidan, ta 'yata ta bi ta. Na ji ƙafafu suna gudu, ƙofar gida ta buɗu, guɗa ta fita titi, ta shiga gidan maƙwabta, ta wuce gaba tana ƙanƙancewa.

Na buga ƙofar kwano. Na kira tsohuwa, na kira 'yata, na kira 'yar Khartum. Akuya ɗaya ce ta zo ta leƙa ta ƙasan ƙofa.

Makullin yana ƙugun tsohuwa, tsohuwa tana zaga unguwa. Sai bayan la'asar suka tuna da ni. Jikata ce ta buɗe, ta tsaya a bakin ƙofa tana kallona, na yi zaune kan buhu da ciyawa a gemu.

“Kaka, rufin yana yoyo?”

Na ce, “Yana yi. Sun ɗauke ki?”

“Sun ɗauke ni. Fito ka ci kisra, ni na yi.”