Shaidar da Na Ba Kawu

Aji uku na yi a firamare, shi ma da bulala. Daga nan na bi motar albasa tsakanin Illela da Ƙonni har na zama direbanta, kuma a kan wannan hanyar kaina ya yi furfura. Na faɗi haka ne don a san irin malamin da aka taɓa tambaya ya yanke hukunci kan lissafi mai zurfi.

Ina da taubashi, ɗan kawuna, wanda na girma nesa ba kusa ba. Uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito. Wanda ya san wasan taubasai ya san sauran: duk abin da na gaya masa, komai zafinsa, ba shi da damar yin fushi. Ni kuwa Allah ya hore mini baki.

Ya yi jami'a a Sakkwato, ya ƙaro karatu a ƙasar waje, ya dawo gida da takardar cewa malamansa na son ya koma ya yi babban digirin. Kawu kuwa ya tsufa, idonsa ya yi rauni, kuma an samo wa ɗan nasa aiki a sakatariya, inda shi Kawun ya yi nasa har ya aje. Kawu bai ce a'a ga komawar ba. Cewa ya yi a zo a yi masa bayanin karatun tukuna, in abu ne mai kai, ya sa albarka.

Kwana biyu kafin zaman, taubashin ya shiga motata zan kai kaya wajen Kalmalo. Na ce, "Kai bawana, mi kake karantawa can da ba ya ƙarewa?"

Ya ce reshe ne na aljabra, ana kiransa ƙa'idar K. Na ce duk haruffan duniya ɗaya tal suka ba shi? Bai kula ni ba.

"Yaya, ɗauki duk irin lodin da motarka ke iya ɗauka," in ji shi. "Kowane lodi ana iya sauke wani abu a hanya, a wuce da saura. Sai mu yarda lodin shi ne abin da aka sauke haɗe da abin da ya saura. Matakin farko ke nan."

Na ce ko jakin ƙauyen Tozai ya san wannan.

"To amma hanyar rabawar ba ɗaya ba ce. Sai mu mai da kowane lodi gari, kowace irin rabawa ta zama hanya tsakanin garuruwan. Ka ga wata ƙasa ta fito."

Daidai nan muka hango tabkin Kalmalo. Ya nuna shi da hannu. Ya ce in hanyoyi biyu sun nufi gari ɗaya kuma fili ne tsakaninsu, kana iya gusar da ɗaya kaɗan-kaɗan har ta hau kan ɗayar, don haka hanya ɗaya ce. In kuwa ɗaya ta bi gabas da tabki, ɗayar ta bi yamma, duk gusawarka ba za su haɗu ba. Wannan shi ake kira homotofi. Aikinsa shi ne ya gano tabkunan waccan ƙasar da aka gina da lodi, don su ke faɗin abin da sikeli ba zai taɓa faɗa maka game da lodin ba.

Wallahi na gane. Ba duka ba, amma na gane abin da ya isa ya sa na yi shiru har muka sauke kaya, kuma wanda ya san ni ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ban dai gaya masa ba. Taubashi ba ya yabon taubashi.

Ranar zaman, bayan la'asar, muka taru a zauren Kawu, da abokansa biyu. Taubashina ya ruɗe. Maimakon albasa da tabki sai ya kama maganar makaranta, rukunai da kibiyoyi da abubuwan da ko ni ban ji su a mota ba. Ɗaya daga cikin tsofaffin ya fara gyangyaɗi. Sai Kawu ya juyo wajena.

"Kai ɗan ƙanwata, an ce kun yi tahiya tare. Mi ka gane?"

Kowa ya dube ni, kuma tun ban buɗe baki ba sun fara murmushi, don sun san abin da na saba kawowa. Ni ma ban ba su kunya ba.

Na ce, "Kawu, duk zaman da ya yi can, abin da ya gano shi ne mota ba ta bi ta cikin tabki. Yanzu so yake ya koma ya tabbatar."

Har mai gyangyaɗin ya farka ya yi dariya. Taubashina ma ya yi, don dole ne ya yi. Kawu ya share hawayen dariya, sannan ya ce, "To in haka ne, a zauna gida."

Na zaci kowa ya san wasa nake. Na manta tsoho ne da ba ya gani sosai, wanda ya nemi shaida wajen mutum ɗaya da ya ji bayanin da kunnensa. Na ce gobe zan je in gyara. Goben ta zo ina Ƙonni. Daga baya kuma kunya ta hana ni, a ce ni da bakina in je in ce yaron nan ya burge ni. Damina biyu Kawu ya ƙara a duniya. Kafin nan an ba wani gurbin karatun, taubashina ya yi aure, ya saba da kujerarsa.

Bara na same shi a ofis na ce ya yafe mini. Ya ce, "Haba Yaya, wasa ka yi. Wa ke riƙe wasa?"

Na ce ba shi ke nan ba, na gane bayanin tun a mota.

Ya daɗe yana duban fayil ɗin da ke gabansa. Ya ce, "Da ka hwaɗi haka ran nan." Sai ya ɗago ya ce tumbina ya kusa hana ni shiga mota, ya aika a kawo mini shayi.

Na roƙe shi ya ƙarasa mini bayanin daga inda muka tsaya. Ya ce ya manta yawancinsa, littattafan ma gara ta cinye. Na sha shayin na tafi.