Takardun Malam Goni da Turmin Shatu

A duk Magaria babu mai takardu irin na Malam Goni. Tsohon malamin gona ne, amma in ka kira shi haka kun ɓata. Shi mai ƙirƙira ne, ehe!

Abu uku ya ƙago: maganin ƙazuwar awaki, tubalin ɓawon gyaɗa da ruwa ba ya ci, da sabulun man aduwa. Tsakani da Allah, duk suna aiki. Sai dai bawan Allahn nan bai yarda ko akuyarsa ta amfana ba, wai kada maƙwabta su ga ta warke su sace masa basira. Sai ya samu birebe tukuna, takardar hukuma mai shaida cewa shi ya fara. Burinsa ɗaya a duniya: a ce "na Goni ne".

Shekara tara yana jigilar dosiye, wato kundin takardun neman birebe, zuwa Yamai. Kowace takarda ta fito, ya naɗe ta a leda, ya kulle a akwati, makulli a wuya kamar laya. Ɗan'uwansa ma bai taɓa jin haɗin ba.

To amma wa ke daka aduwar? Malam da taɓarya? Haba! Matarsa Shatu ce. Ita kuwa buhu guda ya fi ƙarfinta, sai ta leƙa ta katanga ta kira maƙwabciyarta Fadi da sauran matan unguwa, yadda aka saba. Ana daka ana hira, kowa na ganin awon toka da na mai. Shi a lissafinsa mata daka suke yi, ba gani ba.

Ranar da takarda ta uku, ta sabulun, ta iso, ya sa babbar riga ya nufi kasuwar Yekuwa neman 'yan sari. Tun daga bakin kasuwa ƙamshin ya tare shi. Faifai bayan faifai, sabulunsa ne, har ɗan koren nan.

Ya tsaya wurin wata mata.

"Baiwar Allah, wa ya ƙago wannan?"

"Af, Baffa, baƙo ne kai? Sabulun Shatu ke nan, ta Magaria. Har Dungas an san shi."

"Mijinta fa?"

"Oho. An dai ce yana nan yana tara takardu."