Ranar da Mai Fensir Ya Ari Biro

A ofishin tsare-tsaren lafiya akwai wani bawan Allah da ban san sunansa ba, ni dai Mai Fensir nake ce masa. Siriri ne, in fanka ta juyo wajensa sai ya dafa tebur. Fensir na maƙale a kunnensa, abin gogewarsa ya cinye, saura kamar ƙwayar wake.

Aikinsa jera ƙauyukan da motar rigakafi za ta je, motar kuma ɗaya ce tal. Duk wanda ya shigo ya ɗaga murya, sai ya ce, "To, ranka ya daɗe," ya goge na farko ya sa nasa. Takardar har ta kusa hujewa. Ina jin ko a gida matarsa ke zaɓar masa hula.

Yau ma'aikaciyar jinya ce tsaye a kansa. "Malam, ƙyanda ta shiga ƙauyen ƙetaren rafi, yara huɗu sun kwanta. In aka ƙara ruwa biyu, hanya ta yanke."

Mai Fensir ya ɗago kai. Ya leƙa hadari ta taga, ya ari bironta, ya rubuta ƙauyen a sama.

Can sai ga wani mai babbar riga, turarensa ya riga shi shigowa. "Shugaba ya ce da unguwarsa za a fara."

"To, ranka ya daɗe," in ji Mai Fensir. Ya miƙa masa takardar da abin gogewa, hannu bibbiyu.

Har na bar wurin mutumin yana ta dirza.