Ƙuri'un da Aka Ƙidaya Maka a Aziziyya

Ranar Talata, 14 ga Rajab 1446, daidai da 14 ga Janairu 2025, ina fitowa daga sallar La'asar a masallacin unguwarmu ta Mansur a nan Makka, Hatim, ɗan abokina, ya tare ni a bakin ƙofa ya ce mahaifinsa ya cika. Malam Salihu Kwarin Gamji, wanda unguwannin Mansur da Tandabawi suka sani da Abu Hatim, ya rasu a wani ƙaramin asibiti a can gida Nijeriya, ba matarsa a kusa, ba ɗa ko ɗaya a kansa. Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma.

Salihu, na so in rubuta maka irin abin da ake rubuta wa mamaci, in yabe ka, in yi addu'a, in ajiye alƙalami. Yabo kam zan yi, don ka cancanta. Amma raina a ɓace yake, kuma ka san ni, ban iya ɓoye ɓacin rai ba ko a gidan makoki.

Tare muka zo Makka karatu muna samari, ɗaki ɗaya, tukunya ɗaya. Ni na ƙare a koyar da yara nahawu, kai ka shiga ofishin masu hidimar alhazai a matsayin tafinta. An ɗauke ka ne don ka juya Larabci zuwa Hausa, amma ka mayar da kanka ɗan aike da direba da mai jinya. Akwai shekarar da wata tsohuwa daga Nijar, Hajiya Ɗaso, ta ɓata a Mina. Ba ta san lambar tantinta ba, ba ta san sunan jagoransu ba, abin da ta riƙe kawai shi ne akwai wani dogon ƙarfe kusa da inda take kwana. Mina kuwa duk dogayen ƙarafa ne. Ƙafafunta sun kumbura, sai ka goya ta kana bin tantuna kana kiran sunan ƙauyensu, har wata jikarta ta amsa. Da ta sauka a bayanka ba godiya ta fara yi ba, faɗa ta yi maka wai kana tafiya kana jijjiga ta. Har ka bar Makka, in an tuna maganar sai ka yi dariya har da hawaye.

In alhaji ya rasu, kai ne a asibiti, kai ne wurin takardu, kai ne a gaban makara zuwa Harami, kai ne kuma mai kiran iyalinsa a gida ka gaya musu da bakin da za su iya ɗauka. Tsohuwar motarka kuwa ba mai shiga ya fito bai ɗauko ƙamshin daddawa ba, saboda duk lokacin Hajji matarka Kabira tana tuƙa tuwo da miyar kuka, kai kana rabawa a masaukan alhazai a Aziziyya. Cewa kake tsohon da ya saba da tuwo, in ya yi mako yana cin shinkafar Larabawa, ko jifa ba zai iya ba.

A kan tuwon nan aka yanke maka hukunci, Salihu.

A Hajjin da ya gabaci zaɓen 2023 ne wani mutumin yankinku, Dakta Luqman, ya zo cikin alhazai. Yana da ofishi a Abuja inda suke gudanar da ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a, wato su tambayi mutane kaɗan wa za su zaɓa, su yi lissafi, su faɗi wanda zai ci. Ya ga yadda alhazan Kwarin Gamji ke rububin gaishe ka, sai ya ce ana zaune da ɗan majalisa a nan ba a sani ba. Akwai wata ƙaramar jam'iyya da ke neman wanda zai riƙe mata tuta a mazaɓarku. Ka ce kai ba ɗan siyasa ba ne. Ya ce ba sai an yi musu ba, a bar alƙaluma su yi magana.

Ina wurin ranar da aka yi tambayar, don ni na riƙe maka murfin tukunya. Hawa na uku ne a wani masauki a Aziziyya, bayan Azahar. Alhazai sun zauna a kan katifu, kowa da kwanonsa, Dakta Luqman yana bin su ɗaya bayan ɗaya da wayarsa yana tambaya: idan Malam Salihu ya tsaya, wa za ka zaɓa? Kai kuma kana tsaye a baranda, ƙofa a buɗe, kana karanta wa wani dattijo yadda zai sha maganinsa. Bayan an koma gida ma'aikatansa sun ƙara da buga waya, suna farawa da cewa daga wajen Malam Salihu na Makka ake kira. Sakamako ya fito da zane mai launi-launi: kashi saba'in da ɗaya cikin ɗari naka ne.

Na gaya maka abin da na gani. Na ce mutumin da ya iya biyan kujerar Makka ba shi ne duk Kwarin Gamji ba, kuma Bahaushen da yake da lomarka a baki ba zai kalli baƙo ya ce ba ya yin ka ba. Ka ce ni malamin nahawu ne, me na sani game da lissafi. Wallahi da ka dawo ka yi mini wannan gorin har ƙarshen rayuwata, da ya fi mini daɗi da gaskiyar da na faɗa.

Ba kwaɗayi ya kai ka ba, wannan zan shaida ko a gaban wa. Ka gaji da ganin mutanen garinku suna zuwa Makka da cututtukan da ba a taɓa duba su ba, kana so a gina asibiti. Amma akwai wani abu da zan faɗa, tunda ni abokinka ne ba maroƙinka ba: kana son a so ka. Takardar nan ta gaya maka cewa son da kake gani a fuskoki yana da adadi, kuma adadin babba ne. Ban san mutum nawa ne za su iya ture irin wannan albishir ba.

Kafilinka, wato mai ɗaukar nauyin zamanka a ƙasar, ya ce ba zai ba da hutun watanni don siyasa ba, sai dai fita ta dindindin, ka mayar da iƙamarka, wato takardar izinin zama. Kabira, wadda a Tandabawi aka haife ta kuma ba ta taɓa taka Nijeriya ba, ta roƙe ka. A gabana ta ce:

"Ya Abu Hatim, iƙama in ta tafi khalas, ba ta dawowa. Shekarunka nawa? Wa zai sake ɗaukar ka aiki?"

Ka ce mata ɗan majalisa ba ya rasa bizar Makka. Ka mayar da zamanta ƙarƙashin Hatim, ka miƙa iƙamar da ka riƙe tun kana saurayi, ka hau jirgi.

Sauran labarin gajere ne. Ka zo na huɗu. Ƙuri'un da ka samu a mazaɓar gaba ɗaya ba su cika sahun gaba na masallacin Juma'a biyu ba. Ko a akwatin ƙofar gidanku kayar da kai aka yi.

A Hajjin da ya biyo baya na haɗu da Alhaji Idrisu, dattijon nan da kake karanta wa magani ranar tambayar. Shi ne wanda ya ce wa Dakta Luqman wa zai zaɓa in ba ɗan nan ba. Ban yi masa kara ba, na tambaye shi ko ya cika alkawari. Bai ko sunkuyar da kai ba.

"Malam, a ƙasa mai tsarki, tuwonsa a hannuna, shi yana jin mu, in ce a'a? Ai ba tarbiyya ba ce. Amma ƙuri'a, surukina ne ya tsaya a ɗaya jam'iyyar. Kowa ya san haka, shi mai tambayar ne bai tambaya ba."

Na so in tsane shi, na kasa. A ganinsa bai yi ƙarya ba, ladabi ya yi. Haka aka tarbiyyantar da mu duka: ba a kunyata mai alheri a gaban idonsa. Wanda nake riƙe da shi a zuciya shi ne wanda ya san wannan sarai, don shi ma a cikinmu ya tashi, amma ya ɗauki kunyar mutane ya zuba a na'ura ya kira ta ilimi. Ban ce duk masu wannan sana'a maƙaryata ba ne. Na ji akwai masu yin ta da tsoron Allah, su shiga ƙauye, su tambayi mai kuɗi da talaka, mace da namiji, ba tare da an san wa ya aiko su ba, kuma su gaya maka inda lissafinsu zai iya kuskure. Su ma ɗin sukan faɗi wanda zai ci, ranar zaɓe ta ƙaryata su, domin tsakanin amsar da mutum ya bayar da safiyar zaɓe akwai suruki, akwai mai unguwa, akwai wanda ya yi wa ɗansa hanyar aiki. To, ina ga wanda ya yi tambayarsa a bakin kwanon tuwo?

Bayan zaɓe an ji Dakta Luqman a rediyo yana bayani cewa kowane bincike yana da tazarar kuskure. Tazarar kuskurensa ita ce tsakanin Makka da Kwarin Gamji, kuma kai ka faɗa cikinta, shi ko ƙwarzane bai yi ba. Har yau ofishinsa a buɗe yake, har ya fara fitar da alƙaluman zaɓe mai zuwa. Ya turo wa Hatim ta'aziyya ta waya, da hoton fure.

Kai kuma ka zauna a ɗakin da ka gada a gidan mahaifinka. Gurbinka a ofis an ba wani, biza ta aiki kuwa ba a ba mai shekarunka. Saura ta Umra, kuma Hatim ya ce zai yi maka ita duk ranar da ka ce. Nan ne ka ɓata mini rai fiye da ko'ina. Duk lokacin da na kira ka sai ka ce bayan Ramadan, bayan Hajji, bayan damina. Rannan da na matsa maka, sai ka ce:

"Mukhtaru, da wace fuska zan bi ta Mansur? Na yi sallama da kowa kamar wanda ya riga ya ci."

Ba wanda yake jiran ya yi maka dariya a Mansur, Salihu. Mai shayin bakin kwana yana tambayar ka, masu gasa nama suna tambayar ka. Sai da 'yarka Arwa ta yi maka kuka a waya ta ce, "Abuya, ta'al bas, ka dawo kawai, ba ma son komai," sannan ka amince. Ana cikin shirin bizar hawan jini ya buge ka, ɓarin jikinka ya shanye, likita ya ce ba maganar jirgi. Ka kwanta kana jiran sauƙin da za ka iya zama a kujera, sauƙin bai zo ba.

Mun yi zaman makokinka a ƙofar gidanka a Tandabawi yadda ake yi a nan, kujeru a jere tsakanin Magariba da Isha, ana zagayawa da gahawa da dabino. Makoki ba gawa, ba wanda ya ce ni na yi masa wanka, ba wanda ya ce ni na sa shi a kabari. Mutanen Kwarin Gamji da suka zo Umra sun halarta da yawa, Allah ya ba su lada. Kusan kowanne in ya kama hannun Hatim sai ya raɗa masa cewa shi kam mahaifinsa ya zaɓa. Da an kawo mai waya ya bi kujerun nan yana tambaya, da ka sake cin zaɓe.

A rana ta ƙarshe Arwa ta ce mahaifiyarta tana son magana da ni. Na tsaya a bayan ƙofa, tana ciki cikin takaba. Na zaci za ta ambaci Dakta Luqman, ko ta ce ai ta faɗa. Ba ta ambaci kowa ba. Ta ce:

"Abu Rayyan, ka taɓa zuwa garin nan nasu? Maƙabartar tana da katanga? An ce mini a can shanu suna bi ta kan kaburbura."

Ban taɓa zuwa ba. Na ce mata zan tambaya.

Ya Allah, ga bawanka Salihu, wanda ya ciyar da baƙin ɗakinka, ya goyi raunanansu, ya raka matattunsu. Ka gafarta masa, ka yafe masa gaggawarsa da kunyar da ta tsare shi, ka yalwata kabarinsa, ka sa ciwon da ya sha ya zama kaffara. Ina miƙa ta'aziyyata ga Kabira, da Hatim, da Arwa, da 'yan'uwansa na Kwarin Gamji, da jama'ar Mansur da Tandabawi. Allah ya ba ku haƙuri, ya girmama ladanku.

Hatim yana shirin tafiya Nijeriya bayan Ramadan, karo na farko a rayuwarsa, da saƙon mahaifiyarsa na a kewaye wurin ko da ƙaya ce. Allah ya kai shi lafiya, ya haɗa shi da wanda zai iya nuna masa wanne ne kabarin ubansa.

Mukhtaru Abu Rayyan
Mansur, Makka