Giwan Ruwan da Na Hana Alhaji

Har gobe ban taɓa mantawa da ranar da na mayar da giwan ruwa cikin dam a gaban mutumin da ya kama ta ba. Tunda ku sababbin ma'aikata kuna ta jin labarin a bakin wasu, gara ku ji shi daga gare ni.

A lokacin ni ne shugaban jagororin kamun kifi a wannan gidan shaƙatawa namu na bayan Paikon Kore. Ga wanda bai san aikin ba, baƙo ne zai zo daga cikin gari ya karɓi sandar fatsa, jagora ya shiga kwalekwale da shi, ya zaɓa masa ƙoto, wato abin da ake maƙalawa a ƙugiya don yaudarar kifi, ya nuna masa inda zai jefa. Sama da ni akwai manaja, Oga Bitrus, sama da shi kuma sai mai wurin, wanda ba kasafai muke ganinsa ba. Dokarmu a fili take: ƙaramin kifi da matsakaici baƙo ya tafi da abinsa, amma giwan ruwan da ta wuce tsawon hannun mutum, a ɗauki hoto a sake ta. Manyan nan su ne iyaye. In babu su, dam ya zama kududdufi.

Wata Asabar cikin damina aka haɗa ni da wani Alhaji Sabo, ɗan kwangila daga Wuse. Ya zo da akwatin ƙoto na ƙasar waje, kala-kala, yana ta ɗoki kamar ango. Da farko ya maƙala ɗan ƙaramin ƙarfen nan mai walƙiya da muke kira cokali. Yana jefawa yana naɗe zare da sauri, ƙananan kifaye suna ta cafka.

Ya ce, "Malam Isiyaku, waɗannan ai na yara ne. Babba nake so."

Na ce, "Ranka ya daɗe, to sai mun canja komai. Babban kifi ba ya gudu a kan loma ɗaya."

Na ciro masa kifin roba mai tsawon tafin hannu. Ruwan sama ya dama dam ɗin ya yi ja, don haka na zaɓi mai duhu wanda ke ƙara a ciki, saboda in kifi bai gani ba zai ji. Na sa masa zare mai kauri, na tuƙa mu zuwa wajen matattun bishiyoyin da ruwa ya cinye, inda manya ke laɓewa suna jiran abinci ya zo musu. Na ce ya jefa bayan kututture, ya bari ya nutse, ya ja a hankali, ya tsaya, ya sake ja, kamar kifin da ya ji ciwo.

Gaskiya Alhaji ya yi haƙuri, ba zan ci haƙƙinsa ba. Rana ta ɗaga ba ko motsi, ƙoto ya maƙale a itace muka ɓata lokaci muna cirowa, bai yi ƙorafi ba. Ana cikin haka, daidai lokacin da ya tsayar da ja, sai sanda ta lanƙwashe kamar baka.

"Innalillahi! Isiyaku, itace ne kuma?"

"Itace ba ya tafiya, Alhaji. Ɗaga sanda, kada ka bar ta ta koma gindin bishiya!"

Aka yi ta dambe. Sai ga giwan ruwa ta yi tsalle ta buɗe baki, Alhaji ya yi kabbara, hularsa ta faɗa ruwa bai ma sani ba. Da ta gaji na sa hannu na tallafo ta gefen kwalekwale. Tunda nake aiki a nan ban ga irinta ba, ga ciki ya cika da ƙwai.

Na ɗauke shi hoto, na fara cire ƙugiya. Sai ya ce, "Me kake yi? Sa ta a ciki. Na riga na gaya wa abokaina yau za su ci kifin hannuna."

Na tuna masa doka. Ya yi dariya, ya kira Oga Bitrus a waya ya miƙo mini. Manaja ya ce, "Isiyaku, ka san wane ne wannan? Babban kwastoma ne. Ba shi kawai, ni na ce."

A nan ne raina ya ɓaci. Ba a daɗe ba da wannan manajan ya kori abokin aikinmu Danladi, saboda ya tafi gida da giwan ruwa da ba ta kai rabin wannan ba, ranar sunan ɗansa. Kuma ni aka sa na karɓi rigar aikinsa a bakin ƙofa.

Na ce, "Oga, dokar da ta kori Danladi tana nan ko an soke ta? In an soke, a kira shi ya dawo aiki, ni da kaina zan kai wa Alhaji kifin nan mota."

Ya ce, "Kana so ka rasa aikinka ne?"

Na ce, "Aiki naku ne, hannu nawa ne."

Na miƙa wa Alhaji wayarsa. Na riƙe giwan ruwan a cikin dam ina kaɗa ta gaba da baya har ta dawo hayyacinta, sannan na buɗe hannu. Ta kaɗa wutsiya ta fantsama mana ruwa, ta yi ƙasa.

Alhaji bai zage ni ba. Kallona kawai ya yi ya ce, "Mayar da ni bakin gaɓa." Na mayar da shi, kuma bai sake zuwa wurin nan ba.

Ranar Litinin aka ba ni takardar tuhuma, wai rashin biyayya da wulaƙanta baƙo. Manaja ya ce in rubuta ban haƙuri a rufe magana. Na ce zan ba Alhaji haƙuri a kan ɓacin ransa, amma ba zan rubuta cewa na yi kuskure ba. Aka dakatar da ni, da na dawo aka sauke ni daga shugabanci aka mayar da ni wankin kwalekwale. Matata ta ce, "Maigida, a kan kifi?" Na ce mata a kan Danladi ne. Na yi ta wanki har rani ya shigo, baƙi suka yi yawa, aka mayar da ni ruwa ba tare da kowa ya ce mini komai ba. Shugabancin dai har yau bai dawo ba, Danladi ma ba a dawo da shi ba.

Abin da na koya shi ne, zaɓen ƙoto da sanin maɓoyar kifi kowa zai iya koya in ya daure. Mai wuyar yana zuwa ne bayan kifi ya shigo hannu, ga mai kuɗi a gabanka, ga oga a waya. Ranar za ta zo wa kowannenku. Ku yanke shawara tun kuna kan tudu, don a tsakiyar ruwa ba wanda zai taya ku.