Ranar Da Na Daka Wa Likita Tsawa

Abubuwa da yawa na zaman Riyadh sun riga sun kwanta mini, amma yammacin Juma'ar da na daka wa sa'an mahaifina tsawa a bainar jama'a, wannan kam sai dai in mutu da shi a raina.

A shekarar da aka fara barin mata su tuƙa mota a Saudiyya ne. Ina zaune a unguwar Sulay, ina jan bas ɗin ma'aikatan wani asibiti, in kwaso su daga rukunin gidajensu in mayar. A cikinsu akwai wani likitan yara, Bakatsine, mai furfura har a gira, shi kaɗai ke zama kusa da ni mu sha Hausa. Wata rana ya ce mini Turawan rukunin suna wani wasa wai shi pikilbol, ana yi bibbiyu, abokin wasansa kuma kwantiraginsa ya ƙare ya tafi. Shi ma saura masa wata guda ya yi ritaya, ga gasar rukunin ta matso, kowa na gudunsa saboda gwiwarsa.

"Ɗana, ba kofi nake nema ba," in ji shi. "Shekara uku ina shiga ana fitar da ni a wasan farko. Wasa ɗaya nake so in ci kafin in bar ƙasar nan."

Tausayinsa ya kama ni, na amsa zan zama abokin wasansa. Da na ga kayan wasan sai da na yi dariya: ɗan bat kamar na ƙwallon tebur amma ya fi faɗi, da ƙwallon roba duk huji kamar rariya. Ashe abin da dokoki. Sabis, wato bugun farko, daga ƙasan ƙugu ake yi, a aika shi kusurwar da ke karkace da kai. Sai ƙwallo ta faɗi sau ɗaya a kowane ɓangare kafin a fara tare ta a sama. Gaban raga akwai fili ƙafa bakwai da ba a taka shi a doke ta a sama, nan ne na fi shan faɗa, don ni mutum ne mai garaje. Masu sabis kaɗai ke samun maki, wanda ya kai sha ɗaya da ratar biyu ya ci. Mako uku muna buga wa juna, shi can ni nan, ba mu taɓa tsayawa ɓangare ɗaya ba.

Ranar gasa bayan la'asar aka haɗa mu da wani Bature da matarsa, duk sun haura sittin. Na raina su ƙwarai, Allah Ya yafe mini. Ba a jima ba matar ta gano lagonmu. Duk ƙwallon da ta zo tsakaninmu, sai in janye hannu, don a gidanmu ba a riga babba sa hannu a akushi. Shi kuma Likita ya tsaya yana jiran mai ƙafa ya ɗauka. Ƙwallo ta wuce abinta mu bi ta da kallo. Baiwar Allah nan ta dinga zuba mana ita a tsakiya tana murmushi, har suka kai takwas muna biyu.

Likita ya nemi hutu, ya ja ni gefe yana haki.

"Me ya sa kake barin ta?"

"Ranka ya daɗe, gabanka take bi. Ya zan tsallaka maka?"

"Ni gaisuwa na ɗauko ka ka yi mini? Gudun da na kasa nake so ka yi. In ta zo tsakiya ka ce tawa, da ƙarfi. Yalla, mu je!"

Ta farko da ta zo, na buɗe baki na ce, "Likita, da izininka," kafin in rufe ta wuce. 'Yan Najeriyar da ke kallo suka kwashe da dariya, kunya ta rufe ni. Haushi ne ya buɗe mini murya. Na fara "tawa" a hankali, na koma yi da ƙarfi, ina share tsakiya, shi kuma yana bakin layi yana ajiye musu ita sannu a gindin raga. Muka kama su a goma, muka wuce da ɗaya.

A bugun ƙarshe Baturen ya ɗaga ta sama, tsakiya sak, na ga Likita ya miƙa hannu alhali ba zai kai ba. Ban san lokacin da na ce, "Kauce, Likita!" ba, da muryar da nake yi wa masu tare mini hanya a unguwar Gubaira. Dattijo ya duƙa, na duba yatsun ƙafata suna bayan layin da ba a takawa, na maka ta tsakanin ƙafafun Baturen.

Na juyo zan ba shi haƙuri, sai na ji ya rungume ni, gemunsa jiƙe da gumi da hawaye, yana ta "Alhamdu lillahi". Wallahi ban taɓa jin daɗi irin na lokacin ba. Wasa na biyu wasu Filifinawa suka yi mana fata-fata, ko a jikinmu.

Na taso da sanin cewa ladabi shi ne ka ja baya ka bar wa babba. A filin nan na gane wani lokaci ja da bayan barin sa ne da kayan da ya fi ƙarfinsa. Tun daga ranar, in na ga babba ya kasa, ba na jiran ya roƙa, shiga nake in ɗauke masa.