Gayyar da ta cinye sunayen Gunvor

Na dawo tsibirinmu daga karatu a Kanada da ra'ayin cewa fayil ɗin kwamfuta ba abin yi wa kuka ba ne. In ya lalace a goge shi, manhaja ta gina sabo. Gwaggo Gunvor ce ta sa na fara tantama.

Aminiyar mahaifiyata ce, ta ƙare ƙuruciyarta tana feɗe kifi a masana'antar bakin teku. Da ta ajiye aiki sai ta rungumi tsofaffin hotunan ƙungiyar tarihin ƙauyenmu. Takan ɗauki hoto ta bi gidajen dattawa, ta sha kofi har ya gundure ta, sai an gaya mata wane ne mai hular nan a kwalekwale. Ta dawo ta shigar da sunan a manhajar hotuna. Yawancin waɗanda suka gaya mata sun riga mu gidan gaskiya.

Wata safiya manhajar ta ƙi buɗuwa, da an taɓa ta sai ta mutu.

"'Yar Kanada, zo ki gwada mana bokon naki a kan shegiyar nan," in ji ta.

Hotunan suna nan lafiya. Abin da ya lalace ƙaramin fayil ne, wanda ke haɗa kowace fuska da sunanta.

"Ni ce," ta ce a sanyaye. "Na zare wayarta tana cikin aiki, don in jona tukunyar kofi."

Na ce kada ta damu, ai akwai kwafi a faifan ajiya. Muka buɗe shi, wayam.

Makonni ta yi tana zagin kanta, tana cewa wataƙila ba ta taɓa iya adanawa ba. Oddvar, shugaban ƙungiyar, wanda suka zauna benci ɗaya tun firamare, yakan zo ya ci wainarta da cuku, ya ce, "Haba tsohuwa, kowa na kuskure."

Ni dai abin bai kwanta mini ba. Na tono tarihin faifan, na ga an share shi ranar aikin gayyar bazara. A wurinmu ba a zama a ranar: wannan na fenti, wancan na kwashe ganye. Oddvar mai ciwon baya aka bar wa ofishin ƙungiyar. Kunyar a gan shi hannu rabbana ta sa ya kama tsabtace kwamfuta. Ya ga fayiloli barkatai masu suna ɗaya, ya ɗauka shara ce.

Na gaya wa Gunvor. Da ya zo gidanta, ta tare shi a gabana.

"Oddvar, ka sani?"

Ya sunkuyar da kai. "Tun ranar da manhajar ta ƙi buɗuwa. Na ga kin riga kin ɗauki laifin, sai na ce mene ne amfanin..."

"Ajiye kofina ka fita."

Na ceto 'yan sunaye daga lalataccen fayil ɗin, saura sun tafi. Manhajar tana buɗuwa yanzu, fuskoki birjik, ba mai suna. Gunvor ta mayar da makullin ofis.

Rannan na tambaye ta, "Gwaggo, rashin sunayen ne ya hana ki komawa?"

"Sunaye na matattu ne, 'yata, sun bi masu su. Amma shi da ransa ya zauna yana cin wainata, yana kallona ina tsine wa kaina."